Suka Ce Kunyar 'Yar Fari Ce

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Na manta rabin abin da aka koya mini a lakwal, wato makarantar boko, na manta fuskokin wasu da suka ci tuwon bikina, har zafin naƙuda ma ya dushe mini. Amma daminar da na yi jegon fari, wannan kam ko na tsufa har na daina gane 'ya'yana ba za ta fita daga raina ba. A daminar nan ne na zama abin kwatance a ƙauyenmu. Iyaye mata suna nuna ni ga 'ya'yansu, suna cewa su yi koyi da ni. Ni kuwa a daidai lokacin babu abin da nake tunani safe da yamma sai yadda zan kashe kaina.

Bari in fara da amsa tambayar da kowa ke yi mini in na ba da labarin nan, wato, "To, me aka yi miki?" Ba a yi mini komai ba. Ku yi haƙuri, na san kun so a ce akwai mugu a labarin. Mijina ni na zaɓe shi da idona biyu. Mai gyaran moto ne, wato babur, a Magaria, mutum mai sanyin hali, wanda ko akuya ce ta ci masa hatsi sai ya ba ta haƙuri. Ban kwana da yunwa ba, ba a zage ni ba. Da cikina ya tsufa aka kai ni gida goyon ciki, wani ɗan ƙauye a ƙasar Yekuwa inda iyayena ke noman gero da wake. Na haihu a likita, wato asibiti, lafiya lau, aka ba ni 'ya mace mai cika hannu, aka ɗora mu a amalanke muka dawo gida ana guɗa. Duk abin da mace ke roƙo a wajen Allah an ba ni. Shi ya sa da abin ya zo, ni kaina ban san sunan da zan kira shi da shi ba.

Aka miƙo mini yarinya na duba ta, na jira in ji abin nan da mata ke faɗi, wai zuciya ta narke, wai ki manta duk wahalar da kika sha. Shiru. Ji na yi kamar wata ce ta miƙo mini ƙullin kayanta a tasha ta ce in riƙe mata tana zuwa. Na ce gajiya ce, gobe zan ji. Gobe ta zo ta wuce, aka yanka rago, aka ci suna aka watse, ban ji komai ba. Barci ya ƙaurace mini, yarinya na barci ni idona biyu ina kallon rufin ɗaki. Abinci ya daina ɗanɗano. In ta yi kuka sai in ce a raina, ga shi nan, ita ma ta gane an haɗa ta da uwar banza. Daga nan tunanin ya fara leƙowa, cewa da babu ni da mahaifiyata ta ɗauke ta ta rene ta yadda ya kamata, kowa ya huta. Da farko nakan yi a'uzubillahi ya tafi. Daga baya ya daina tafiya.

To amma ku dubi irin sa'ata. 'Yar fari ce. A wajenmu kuwa mace ba ta rawar kai da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, in yana kuka ma sai an daka mata tsawa kafin ta ba shi nono, kanta a sunkuye. Wato duk abin da ciwo ya hana ni yi, al'ada ta riga ta ce kada in yi shi. Ciwona ya samu mayafi mai kyau ya lulluɓa, kowa ya shigo barka mayafin yake gani ya yaba.

Shugabar masu yabon ita ce Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ta taso daga Bande ta tare a gidanmu da sunan taya jego. Mace ce da in ta yi raɗa a tsakar gida ana jin ta a bakin rijiya. Da mata sun cika ɗaki sai ta gyara zama ta fara.

"Ku dai ku dubi 'yar nan! 'Yan matan yanzu, mace ta haihu da safe, kafin azahar ta ɗora ɗa a ƙirji an ɗauki hoto an watsa a waya. Amma tamu? Wallahi ko inda yarinyar take ba ta kallo. Sai na yi mata faɗa take ba ta nono. Wannan ita ce tarbiyya!"

Mata su ce, "Ai gida ta samu." Wata ta zunguri 'yarta ta ce, "Kina dai gani." Ni kuma ina zaune a ƙuryar gado ina kallon ƙasa, ina cin lambar yabo a kan abin da ke cin raina.

Wuri ɗaya nake samun yin kuka, shi ne wajen wankan jego. Iya ce ke yi mini, kakata, mahaifiyar babana, tsohuwa 'yar firit mai baki kamar reza. Safe da yamma take ɗora ƙatuwar tukunya, tana faɗa da jiƙaƙƙen itace, tana zagin hayaƙi kamar yana jin ta. In ruwa ya tafasa ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa mini. A nan nake sakin hawayena, don wa zai bambance hawaye da tururi? Kuma mai jego ta yi kuka a wajen wanka ai ba labari ba ne. Iya takan ce, "Raguwa kawai! Mu a zamaninmu daga kan wuta ake sheƙa mana shi." Sai in ce, "Shi ya sa kika ƙone kika ƙanƙance." Iyakar hirar da ta rage mini a duniya ke nan, ita ma don bakina ya saba ne.

Kada ku ce ban yi ƙoƙarin faɗa ba. Na yi. Wata rana da hantsi mijina ya kira ni a waya, ina jin ƙarar guduma a garejinsu. Na ce, "Ni fa na gaji." Ya ce, "Sannu, ai dole, jego ba wasa ba ne." Na ce, "Ba irin wannan gajiyar ba. Na gaji da komai." Ya ce, "To, bari in ga abin da za a yi." Ranar kasuwa sai ga saƙo: balangu a takarda, sabulu, madarar gwangwani da sabon takalmi. Allah ya saka masa da alheri, iyakar fahimtarsa ke nan. A wajen namiji duk damuwar mai jego ba ta wuce nama ba. Gwaggo ce ta cinye balangun tana sa masa albarka.

Sai na gwada Gwaggon kanta, tunda ita ce mai bakin gidan. Tana tankaɗe a gindin rumbu na ce, "Gwaggo, ni wani lokaci sai in ji da ma ban tashi daga haihuwar nan ba." Ta saki rariya.

"A'uzubillahi! Tofar da yawun bakinki! Ke kin san mata nawa ke yawon gidajen malamai suna neman ko ɓari ne su yi? Allah ya ba ki 'ya tubarkalla, ya ba ki miji mai aiko da balangu, ki buɗe baki ki yi wannan saɓon? Ƙoshi ne ke damun ki."

Can kuma sai ta sassauta murya, wai ko iska ce ta shafe ni a hanyar dawowa daga likita. Daga ranar aka ƙara mini kanwa a kunu, aka turnuƙe ɗakina da hayaƙin wasu saiwoyi har yarinya na atishawa. Na fahimci lissafin sarai. In na yi shiru ni 'yar kirki ce mai kunya, in na yi magana ni butulu ce mai iska. Na zaɓi 'yar kirki.

Za ku ce ina mahaifiyata? Tana nan, ɗakinta na kallon nawa. Sai dai ni ma 'yar fari ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" nake, ko "waccan," in kuwa maganar mai nauyi ce sai ta faɗa wa Iya, Iya ta faɗa mini, alhali duk muna zaune a tabarma ɗaya. Na san tana so na, don tsokar da ta fi girma kullum a kwanona take faɗawa, wai bisa kuskure. Amma ta yaya za ki je wa matar da ba ta taɓa haɗa ido da ke ba ki ce mata mutuwa kike so? Tana can tana tata kunyar ta gaske, ni ina nan ana zaton ina tawa.

Da arba'in ta matso sai na yanke shawara. Ba zan faɗi abin da na ƙulla ba, ba shi da amfani ga kowa. Abin da zan faɗa shi ne yadda na yi sallama da mutanen gidanmu a gaban idonsu, suna tafa mini. Na buɗe akwati na rabar da zannuwan da mijina ya yi mini na fitar suna. Gwaggo ta samu atamfar da ta fi kyau, ta ɗaga ta sama tana cewa, "Kun gani? Hannunta a sake, kamar na ubanta." Na bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ina cewa su yafe mini in na taɓa saɓa musu. Babana ya ce haihuwa ta ƙara mini hankali. Na wanke kayan yarinya tas na ninke su inda kowa zai gani. Har fuskata ta ɗan saki, irin sakin wanda ya daina gardama da kansa. Aka ce alhamdulillahi, hayaƙin Gwaggo ya fara aiki.

Ranar da na zaɓa lokacin noman maimai ne. An yi ruwa, ƙasa ta yi taushi, kowa ya saɓi hauya tun da sassafe. Inna ta tafi gayaunarta, Gwaggo ta tafi kasuwa nuna wa duniya atamfata. Iya ce kaɗai ta rage, ita ma an yi rasuwa a wani ƙauye wajen Dungas, amalanken maƙwabta na jiran ta a ƙofar gida za su gaisuwa. Muna gama wanka ta yafa mayafi tana neman takalminta. Na ɗauko na ajiye mata a gabanta.

Na ce, "Iya, ki yi sauri kada su tafi su bar ki."

Ta ce, "Yau kuma ke ce mai kula da tafiyata?"

"Ai gaisuwar mutuwa ce, ba a jinkiri."

"Mamacin ba inda za shi."

Ta tsaya tana kallo na, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa. Sannan ta fita ƙofar gida, na ji tana ce wa masu amalanke su tafi, su ce tana gaisuwa, ƙafa ce ta matsa mata. Ta dawo ta tuɓe mayafin, ta ɗauki yarinya ta ɗora a cinya, ta zauna daram a bakin ƙofar ɗakina, yadda ko kaza ba ta wucewa sai da izininta. Wallahi a lokacin haushinta na ji, haushi mai tsanani. Na ce a raina, wannan tsohuwa ko mutuwa ba za ta bari mutum ya yi cikin natsuwa ba.

Ta ce, "Zauna, 'yar nan, in ba ki labari. Ni na yi kunyar ubanki, kunyar da har yau ana maganarta a garin nan. Sai da ya yi wayo kafin ya san ni na haife shi. To, bari in gaya miki, mai kunyar ɗa ɓarauniya ce. Fuskarta na gabas, idonta na kan ɗanta. In ya yi tari kafaɗarta sai ta motsa. In aka fita aka bar su, ta duba hagu ta duba dama ta sunsuni kansa. Ni tun ranar da aka kawo ki nake gadin ki, in kama ki kina satar kallo in yi miki dariya. Ban kama ki ba ko sau ɗaya."

Na ce, "Iya, kin cika sa ido."

"Sa ido ne aikina, haƙora sun tafi sun bar mini ido. Zannuwan da kika rabar fa? Wane gari za ki da ba a ɗaura zane? Kuma wannan neman gafara da kike bi ɗaki-ɗaki kina yi, Makka za ki ba mu sani ba?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ɗago ki dube ni." Na ɗago.

"Kashe kanki kike shirin yi?"

Haka ta faɗe shi, gatsal, ba kwana-kwana. Ba ta ce ko wani abu na damun ki ba, ba ta ce ko kin yi faɗa da mijinki ba. Ta kira abin da sunansa da rana tsaka, tana jijjiga jaririya. Bakina ya riga ya shirya a'uzubillahi, ya shirya "haba Iya," har da 'yar dariya. Amma abin da ya fito daban. Na ce, "E, Iya."

Na jira salati. Na jira mari, ko wa'azi a kan wutar lahira, wanda ni kaina na riga na yi wa kaina shi har na haddace. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara wa yarinya kwanciya ta ce, "To, na ji. Ba ki tafi ba tukuna, muna nan tare. Yau ko makewayi za ki, da ni za a je, sai ki haƙura da kallon tsohuwa." A nan na fashe da kuka, kuka na gaske mai sauti, ba tururin da zan ɓuya a ciki. Ta bar ni na yi mai isata. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in gode wa Allah ba, ta dai miƙo ƙafarta ta ɗora a kan tawa.

Da na lafa ta ce, "Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ki san ta ba, ba a maganarta a gidan nan. Ita ma jegon fari ne. Shiru-shiru, ba ta kallon ɗa, aka yi ta yabonta. Bayan abin ya faru aka ce iska ce, aka rufe maganar. Ni ba a yi mini sau biyu ina kallo." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ban kuma taɓa jin ta sake tayar da shi ba.

Da la'asar mutanen gida suka dawo. Iya ba ta jira sun sha ruwa ba, ta tsaya a tsakar gida ta faɗa musu kamar yadda na faɗa mata. Babana ya zame ya zauna a kan turmi ya cire hula. Gwaggo kuwa ta dafe ƙirji.

"Iya, rufa mana asiri! In maganar nan ta fita a ce gidanmu akwai taɓin hankali, wa zai auri 'yan matan gidan nan? Mijin ma ya ji ya ce mu riƙe abarmu. A bar shi a cikin gida, in ƙara hayaƙi."

Tana faɗa tana gyara ɗaurin atamfata. Iya ta ce, "In ta mutu kuma sai ki ce musu me? Zazzaɓi?"

Inna ta jingine hauya, ƙafarta duk taɓo, ta shigo ɗakina, ɗakin da tun da na haihu ba ta taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Ta zauna kusa da ni har kafaɗarmu na taɓa juna, ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a jikinta. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a gaban surukarta da mijinta da kowa. Sunan ya fito mata a karkace don bakinta bai saba da shi ba. Ta ce, "Ni na haife ki. Ba za ki tafi ki bar ni ba." Na hango Gwaggo ta riƙe baki, har yau ban san wanne ya fi girgiza ta ba, maganar mutuwata ko jin Inna ta kira sunan 'yar fari. Ni dai na kwantar da kaina a cinyar uwata, abin da ban tuna na taɓa yi ba. Da ta tashi ta fita ta tsaya gaban babana ta ce, "Malam, gobe likita." Ya ce, "To."

A likita madam ɗin da ta karɓi haihuwata ce ta gan mu. Na shirya jin "me aka yi miki," sai ta tambaye ni barci, ta tambaye ni abinci, ta tambaye ni tun yaushe tunanin ke zuwa. Ta ce ciwo ne, yana kama mata bayan haihuwa, mai miji nagari da marar shi, mai yawan nafila da mai fashin salla, kuma ana warkewa. Na ce, "Wato ba ni kaɗai ba ce?" Ta ce, "Ke dai kin samu wadda ta tambaye ki." Ta tura mu Magaria wajen lokotoro, wato dakta, shi kuma ya ba ni maganin da ba ya cutar da nono, ya ce kada a bar ni ni kaɗai, kuma in riƙa dawowa yana gani na.

A can mijina ya same mu, hannunsa duk baƙin mai, ko wankewa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Don Allah me ya sa ba ki gaya mini ba?" Na ce, "Na gaya maka. Ka aiko da balangu." Sai ga namiji da gemunsa yana share ido da bayan hannu, yana shafa wa fuskarsa baƙin mai. Bai ce a riƙe ni ba, kamar yadda Gwaggo ta yi masa fata. Duk ranar kasuwa sai ya rufe gareji ya hau moto ya zo, ya zauna a zaure yana tambayata, "Yau yaya zuciyar?" Da farko tambayar na yi masa nauyi kamar yana karanta faransanci, daga baya ya iya.

Kada in yi muku ƙarya in ce daga nan na warke. Maganin ya ɗauki lokaci kafin in ji alamarsa, akwai ranakun da nake tashi da safe in ji na koma inda na fito. Arba'in ta wuce ba a mai da ni ɗakina ba, na zauna gida har aka yi girbi. Inna ta ɗauke yarinya zuwa ɗakinta, sai lokacin nono take kawo ta, don in samu barci. Iya kuma ta kafa mini doka ɗaya: in tunanin ya zo, ba na zama da shi ni kaɗai, sai na faɗa da baki. Ta raɗa masa suna baƙo. Kullum sai ta ce, "Baƙon naki ya zo yau?" In na ce ya zo, sai ta ce, "To, ce masa ya jira, zo ki ɓare mini gyaɗa." Ina ɓara tana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi babana, wa ya ci amanar wa, wa ya gudu da jakin wa. Kafin a cika ƙwarya sai in ji ya sassauta. A nan na gane abin yana hawa yana sauka ne kamar zazzaɓi, in kin samu wanda zai zauna da ke har ya sauka, kin ci wannan ranar. Limamin garinmu ma da babana ya je masa da maganar cewa ya yi in riƙe addu'a in riƙe magani, ba wanda ya hana wani.

Maganar ta fita, ai dole, tunda Gwaggo ce ke gadin asirin. Mata suka daina nuna ni ga 'ya'yansu, wasu in na wuce sai su rage murya. Aka sauke ni daga muƙamin mai kunyar gari, ban kuwa yi kewarsa ba. Gwaggo har gobe tana gaya wa mutanen Bande cewa hayaƙinta ne ya tashe ni, likita dai ta ƙarasa.

Wata rana bayan girbi muna zaune a inuwa muna sussukar wake, yarinya na kwance a tabarma can gefe. Kaza ta zo wucewa ta kusa da kanta, sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ban san lokacin da wuyana ya juya ba. Na gan ta tana harba ƙafa, bakinta ba haƙori ko ɗaya, sai na ji wani abu ɗan ƙarami ya motsa a ƙirjina, mai ɗumi. Na yi maza na mai da kaina kan wake. Ina! Iya ta riga ta gani. Ta buga cinya ta ce, "Ɓarauniya! Na kama ki!" Inna ta juya baya wai tana neman faifai, amma na ga kafaɗarta na rawa.

Yarinyar nan yanzu tana lakwal, bakinta ya fi na Iya kaifi, Allah ya jiƙan tsohuwa. Na sake haihuwa bayanta, kuma tun ina da ciki na gaya wa likita da mijina abin da ya taɓa faruwa, aka sa mini ido. Baƙon ya leƙo, bai samu wurin zama ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ban zagi kunya ba, abu ce mai kyau, ni ma da ita aka rene ni. Amma ba kowane shiru ne kunya ba, ba kowace mai jego da ta sunkuyar da kai ce ke nuna tarbiyya ba. In kun ga mace ta haihu ba ta barci, ba ta ci, ba ta ko satar kallon abin da ta haifa, ku ajiye kirari ku zauna kusa da ita ku tambaye ta, da sunan abin, ba da zagaye-zagaye ba. Tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, ƙofa take buɗe wa wanda ya rasa ta inda zai fara. In ta ce e, kada ku bar ta ita kaɗai, ku kai ta likita. Ke kuma da abin ke cin ki, ki faɗa. In na farko ya aiko miki da nama, na biyu ya yi miki wa'azi, ki nemi na uku, kada ki daina. Ciwo ne, ana warkewa, ga ni nan ina ba ku labari. Ni dai da Iya ta bi sahun masu yabo ta hau amalanken nan, da har yau ana yabo na a ƙauyenmu, ana cewa ba a taɓa yin mai kunya kamata ba, sai dai ba na nan balle in ji.